Sambarka da Rigar da Sammaci Ba Ya Hudawa

Ba a yi wa Bakatsine burga da tufafi. Garin da ya saba ganin alkyabbar sarki da rawunan hakimai a Ƙofar Soro duk hawan Sallah ya san riga mai daraja in ya gan ta. Amma akwai wata riga da ta daɗe tana yawo a titunanmu cikin fararen motoci masu dogon eriya, ta fito daga GRA ta ratsa Ƙofar Guga ta miƙi hanyar Jibiya, ko ta nufi Mashi da Daura, har yau kuwa ba mu ba ta haƙƙinta na yabo ba. Ita ce rigar kariyar da gwamnatin Najeriya ta sanya wa ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa, wato Majalisar Ɗinkin Duniya da rassanta da sauran manyan baƙin da ke zaune a ƙasar nan bisa yarjejeniya. Sambarka, riga! Ruwa ba ya jiƙa ki, ƙaya ba ta kama ki, sammacin alƙali ba ya huda ki.

Yabo na farko na maɗinka ne, domin sun yi aiki. An yanka ƙyallen a 1945, a sashe na 105 na kundin da ya kafa Majalisar, inda aka ce za a ba ta kariyar da take bukata don ta gudanar da aikinta. Ranar 13 ga Fabrairu 1946 aka zauna aka yi ɗinkin sosai, aka fitar da yarjejeniyar gata da kariya. Da aka zo nan sai maɗinka suka saki hannu, abin da aka ce a yi daidai bukata ya koma har ƙasa. Sashe na 2 na yarjejeniyar ya ce Majalisa da dukiyarta, a duk inda suke, sun kuɓuta daga kowace irin shari'a, sai fa in ita da kanta ta ga dama ta tuɓe. Ba a shiga ofishinta bincike, ba a taɓa takardunta, ba ta biyan haraji kai tsaye, ba ta biyan kuɗin kwastan a kan kayan aikinta, jami'anta kuma ba a cire musu harajin albashi a ƙasar da suke zaune. A 1947 aka ɗinka irinta ga hukumomi kamar ta lafiya, WHO, da ta abinci, FAO, don kada wani ɗan ɗaki ya ji an bar shi tsirara.

Mu ma ba mu yi lalaci ba. Najeriya ta shiga Majalisar ranar 7 ga Oktoba 1960, mako guda da samun 'yanci. A 1961 ta karɓi yarjejeniyar, a 1962 kuma majalisar dokokinmu ta yi dokar gata da kariyar jakadu, wadda har gobe take aiki, ta ba ministan harkokin waje iko ya sa hannu a takarda ɗaya ya ɗaga wata ƙungiya sama da hannun kotunan ƙasa. Ƙasar da tun tana rarrafe ta fara tunanin yadda za ta hana 'ya'yanta damun baƙo da ƙara, ai ta cancanci a kira ta mai karamci.

Masu ƙorafi a kan rigar kariyar gwamnoni, ku zo ku ga riga. Ta sashe na 308 na tsarin mulkin 1999 ta aro ce, shekara huɗu ko takwas a karɓe ta. Joshua Dariye na Filato da Jolly Nyame na Taraba sun sa ta sun yi taƙama, da aka tuɓe musu sai ga su a gaban alƙali, a 2018 kowannensu ya ji hukuncin ɗauri. Wannan kuma har riga ce? Ta baƙinmu ba ta da wa'adi. Ba a zaɓe su ba balle a kayar da su, ba su da ranar sauka balle a jira su a bakin ƙofa. Shekara kusan 80 ana sanye da ita, ko zare ɗaya bai zare ba.

Kakanninmu ba su kai ga wannan wayewa ba, Allah ya ji ƙansu. A Katsinar da, lokacin da fatake ke sauka daga Agadas da Gadamas, baƙon da ya shigo da amana jininsa da dukiyarsa haramun ne ga kowa, ɗan aike kuma ba a taɓa shi. Sai dai in baƙon ya ci bashi ya hana, ko ya cuci ɗan gari, shari'a ta ce ya zo ya zauna a tabarma ɗaya da mai ƙara a gaban alƙali. Dubi wannan rashin ta ido! Sai da Lugga, jagoran Turawan mulkin mallaka, ya shigo ta Ƙofar Yandaka a 1903 muka koyi ladabi, aka sanar da mu cewa kotun alƙali ta 'yan ƙasa ce, hannunta ba ya kai wa ga Bature. Mun ɗauka darasin ya tafi da Turawa a 1960, ashe an adana mana shi a sabon mazubi. Madalla da riƙon gado.

A garin bakin iyaka irin namu aka fi gane darajar rigar nan. Mun ga abin da ya faru da aka rufe iyakoki a Agustan 2019, mun ga yadda a watan Nuwamban shekarar aka hana kai fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, mutanen Jibiya suka koma sayen mai kamar magani. Mun san yawan shingayen da ke tsakanin Katsina da Magama, mun san yadda ake sauke mutum a zazzage shi saboda buhun shinkafa ɗaya. A kan wannan titin ne farar mota ke wucewa, wadda ta shigo ƙasa ba a biya mata ko kwabo na kwastan ba, a ɗaga mata hannu cikin girmamawa. Haka ya dace. Ai da kunya a tsayar da mai taimako a tambaye shi takarda, ga mai keke-napep nan da ya saba yankan tikiti kullum safiya.

Kotunanmu ma sun san girman riga. Akwai kamfanin inshorar ƙasashen Afirka, Africa Re, wanda aka kafa a 1976, hedikwatarsa a Legas. Wani ma'aikacinsa ya kai ƙara cewa an sallame shi ba bisa ƙa'ida ba. Magana ta kai Kotun Ƙoli, a 1986 ta yanke cewa kamfanin yana cikin kariya, kotunan Najeriya ba su da hurumin sauraren kukan. A 2007 aka sake komawa Kotun Ƙolin da wannan kamfani, wannan karon mai ƙarar kamfanin gine-gine ne da ke bin kuɗin kwangila, kotu ta ce harkar kasuwanci ce, kariya ba ta shiga nan ba. Kun ga hikima? Rigar tana da ido. Ta san ta buɗe wa mai bin miliyoyi, ta san ta rufe wa mai bin albashi.

Kada wani ya ce an bar talaka ba mafita, wannan ƙazafi ne. Sashe na 29 na yarjejeniyar 1946 ya umarci Majalisa ta tanadi hanyar sasanta rikicinta da mutane, kuma ta tanada. Tun 2009 tana da kotunta ta ma'aikata, mai zama a New York da Janiba da Nairobi. Duk Bakatsinen da aka zalunta, ga hanya nan a buɗe, tsakaninsa da adalci bai wuce biza da kuɗin jirgi ba. Sharaɗi ɗaya ne kawai: sai cikakken ma'aikaci. Ɗan kwangilar wata uku, da mai aikin yini, da wanda aka ɗauka ta hannun wani kamfani, waɗanda su ne suka fi yawa a rana da ƙura, kotun ba tasu ba ce. Su an tanadar musu sulhu irin na manyan kamfanonin duniya, da Turanci, da lauyoyin da kuɗin awarsu ɗaya ya fi albashin direba. In kuma jami'i ne ya yi ɓarna, Babban Sakatare na da ikon tuɓe masa rigar in ya ga ya dace. Wanda ake ƙara shi ne mai ba da izinin a yi ƙararsa. Ina alƙalin da ya taɓa samun sauƙin aiki irin wannan?

Wanda yake son ya ga ƙarfin saƙar, ya dubi Haiti. Girgizar ƙasa ta rushe ƙasar a Janairun 2010. A watan Oktoba sai ga amai da gudawa, cutar da aka yi kusan shekara 100 ba a gani a can ba. Bincike ya bi sawu har sansanin sojojin kiyaye zaman lafiya da aka kawo daga Nepal, inda ƙazantar bayan gida ke malala cikin wani rafi da ke zuba a Artibonite, kogin da jama'a ke sha, suke wanka, suke ban ruwa. Mutum sama da 800,000 suka kamu, kusan 10,000 suka mutu. A Nuwamban 2011 mutum 5,000 suka rubuta wa Majalisa suna neman diyya, suna dogaro da sashe na 29 ɗin nan. Aka bar su wata 15 suna jira, sannan a Fabrairun 2013 aka amsa musu cewa kukansu ba abin karɓa ba ne, domin duba shi zai taɓa siyasa da manufofi. Yarjejeniyar da Majalisa ta yi da gwamnatin Haiti ta tanadi kwamitin sauraren masu neman diyya, ba a taɓa kafa shi ba. Suka tafi kotu a New York, a Janairun 2015 alƙali ya ce riga ta hana. Suka ɗaukaka ƙara, a Agustan 2016 aka maimaita musu. A Disambar 2016 Babban Sakataren Majalisa Ban Ki-moon, yana dab da barin kujera, ya nemi gafarar mutanen Haiti, aka yi alkawarin asusun dala miliyan 400. Zuwa 2020 abin da aka tara bai wuce kimanin miliyan 21 ba, ba a kuma bi gida-gida an biya magada diyya ba. Gawa dubu goma ta bi ta kan rigar nan, ko tabo ba ta yi ba. Wace masaƙa ce a duniya za ta yi irin wannan?

Ba a Haiti kaɗai aka gwada ta ba. A Yulin 1995 aka yi wa Musulmi maza da yara kimanin 8,000 yankan rago a Srebrenica ta ƙasar Bosniya, garin da Majalisa ta ayyana a matsayin tudun mun tsira, ta kuma ajiye sojojin Holan su tsare. Iyaye mata suka kai ƙara. A 2012 Kotun Ƙolin Holan ta ce ba a shari'a da Majalisa, a 2013 kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta ƙi karɓar kukansu. A Kwango kuma, lokacin yaƙi da cutar Ebola daga 2018 zuwa 2020, kwamitin bincike da WHO ta kafa da kanta ya gano mutum 83 da ake zargi da lalata da mata ta hanyar yi musu tayin aiki, 21 daga ciki ma'aikatanta ne. Hukumar ba ta yi rowa ba. Ta ba mata sama da 100 dala 250 kowacce, bayan sun halarci horon koyon sana'a. A lalata mace, a koya mata sana'a, a ba ta jari. Wa ya ce tausayi ya ƙare a duniya?

Mu da ke maƙwabtaka da Kano mun fi kowa sanin amfanin rigar, domin mun ga abin da ya sami wanda ba shi da ita. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Zana, gwajin da ya shafi yara kusan 200, 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya musanta laifi, amma da yake kamfani ne kawai, tsirara yake a gaban doka. Aka ja shi kotu a Kano da Abuja da Amurka, har a 2009 ya amince da sulhun dala miliyan 75 da gwamnatin Kano, a 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowanne. Dubi irin wahalar da rashin riga ke jawo wa mutum! A ajiye 175,000 a nan, a ajiye 250 a can, sai a gane abin da yarjejeniyar 1946 take tanada wa masu ita.

Babban abin yabo ga rigar nan shi ne ladabinta ga masu mulki. An ce an ɗinka ta ne don kada azzalumar gwamnati ta takura wa masu aikin jinƙai. To, mu duba. A Disambar 2018 rundunar sojan Najeriya ta dakatar da aikin hukumar yara ta Majalisa, UNICEF, a arewa maso gabas, ta janye bayan 'yan sa'o'i, don ta ga dama. A 2023 sojojin Mali suka ce rundunar Majalisa ta fice, kafin ƙarshen Disamba ta kwashe kayanta. A Oktoban shekarar, nan ƙetaren Maraɗi, mahukuntan Nijar suka ba babbar jami'ar Majalisa a Yamai, Louise Aubin, awa 72 ta bar ƙasar. Ko sau ɗaya rigar ba ta yi gardama ba. Mai bindiga in ya yi tsawa sai ta naɗe kanta ta shiga jirgi. Ƙarfinta duka ta tara shi ne domin bazawarar da ke riƙe da takardar ƙara, da direban da aka sallama ba sallama, da uban da ya binne ɗansa. Wannan ita ce tarbiyya: a durƙusa wa babba, a taka ƙarami.

Mu kuma Katsinawa mun dace da ita, domin mu mutanen kunya ne, kuma bukata ta yi mana yawa. 'Yan bindiga sun kori manoma daga gonaki a Batsari da Safana da Jibiya, dubban mutanenmu suna gudun hijira a jihar Maraɗi. A Yulin 2025 ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda mai zaman kanta ce, ba ta cikin masu yarjejeniyar 1946, ta ba da sanarwar cewa yara 652 sun mutu da tamowa a cibiyoyinta na jihar Katsina cikin wata shida na farkon shekarar. Uwar da ke layin karɓar madarar tamowa, yaushe za ta tambayi wace kotu ce ke da iko da wa? In baki ya ci, ido ya ji kunya. Gwamnatocin da suka bar asibiti da makaranta har sai baƙo ya zo ya tallafa, su ne kuma suka sa hannu cewa ba a tuhumar baƙon. Aiki ya yi kyau ta kowane gefe: an bar mu da yunwa, an kawo mai ciyarwa, an rufe mana baki da doka.

Yabo ya isa haka, domin maganar ta fi ƙarfin gatse. Babu mai hankalin da zai musanta alherin da aka yi. Ofishin UNICEF na Kano, mai kula da Kano da Katsina da Jigawa, ya sa 'yan mata da yawa a aji. Da haɗin hannun WHO da ma'aikatanmu na rigakafi aka kai ga ranar 25 ga Agusta 2020, ranar da aka bayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji. Mutanen nan sun ba da jini: an kashe sama da 20 a harin bam na ginin Majalisa a Abuja ranar 26 ga Agusta 2011, an harbe mata masu allurar rigakafi a Kano a Fabrairun 2013. Ma'aikaci mai faɗin gaskiyar da gwamnati ba ta so yana bukatar kariya daga kamu da ƙage, wannan daidai ne, a bar masa. Abin da ba daidai ba shi ne kariyar ta zama katanga tsakanin wanda aka cuta da alƙali. Sashe na 36 na tsarin mulkinmu ya ba kowane ɗan ƙasa haƙƙin a saurare shi a gaban kotu mai zaman kanta. Ƙungiyar da ke yawo ƙauye-ƙauye tana koya wa mutane haƙƙin ɗan Adam ita ta fi cancanta ta fara tsayawa inda za a tuhume ta. Rashin hakan ne ma ke ba masu jita-jita abinci: mun ga yadda zargi ya tsayar da rigakafin shan inna a Kano daga 2003 zuwa 2004, yara suka biya da ƙafafunsu. Mutum ba ya sakin jiki da wanda ya san ba zai iya kai shi ƙara ba.

Gyaran kuwa ba sabon abu ba ne. Tun 1999 kotun haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta kafa ma'auni a wata shari'ar ma'aikata da hukumar sararin samaniyar Turai: kafin a amince da kariyar ƙungiya, a duba ko ta tanadar wa mai ƙara wata hanya ta gaskiya da zai bi. A 2019 Kotun Ƙolin Amurka, a ƙarar da masunta daga Gujarat ta Indiya suka kai reshen Bankin Duniya mai ba kamfanoni rance, ta ce kariyar irin waɗannan hukumomi tana da iyaka. Ba a rufe bankin ba, aikin raya ƙasa bai tsaya ba.

Don haka kira na farko ga sanatoci da 'yan majalisar wakilai na jihar Katsina: ku ɗauko dokar 1962 ku gyara, a rubuta ƙarara cewa duk ƙungiyar da ba ta tanadi wurin sauraren ƙara a cikin Najeriya ba, mai alƙali mai zaman kansa, to kotunan ƙasa suna da hurumi a kanta a sha'anin albashi, kwangila, rauni da rai. Kira na biyu ga gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa: ba jiha ke ba da kariya ba, amma jiha ke sa hannu a takardun fahimtar juna. Kada a sake sa hannu a ko ɗaya sai an rubuta inda Bakatsine zai kai kuka a cikin garin Katsina, da Hausa, ba da kuɗi ba, da wa'adin da za a ba shi amsa. Kira na uku ga ƙungiyar lauyoyi reshen Katsina da malaman shari'a na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua: ku karanta yarjejeniyoyin nan, ku fassara wa jama'a a rediyo, ku tsaya wa wanda ba shi da kuɗin lauya. Kai kuma ɗan'uwa da aka miƙo wa takardar aiki, kafin ka sa hannu ka nemi a nuna maka layin da ya faɗi inda za ka je in an cuce ka. Baƙo yana da haƙƙin amana a kanmu, mu ma muna da haƙƙin shari'a a kansa, kuma wajibi ne gwamnatin da ta ba shi nasa ta karɓo mana namu.